Ɗan damfara, mai satar fasaha da mai suka: wa dokar intanet ta fi kamawa?

Barista Sadiya:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da na daɗe ina son mu tattauna, tunda Allah ya haɗa mu a nan da masana kwamfuta da marubuta da ɗalibai. Yau da wuya ka sami ƙasar da ba ta da dokar laifukan intanet. To amma duk sanda gwamnati ta tashi bayani, mutum uku take haɗawa a baki ɗaya: masu kutse da damfara da ke kwashe wa jama'a kuɗi, masu satar fasaha da ke baza fim ko littafi ko waƙa ba da izinin mai shi ba, sai kuma masu rubutun da ya ɓata wa wani rai. Abin da na lura da shi, idan aka zo aiwatarwa, hukuma kan fara da wanda hannunta ya fi saurin kaiwa gare shi. Wanda ya rubuta suka da sunansa da hotonsa, kafin gari ya waye an ɗauko shi. Wanda ya kulle kwamfutocin asibiti yana neman kuɗin fansa daga wata nahiya, sai a shekara da shekaru ana cigiyarsa. Shin dokar ce ke da matsala ko masu aiwatar da ita? Kuma ya dace a auna mai sauke littafi da ma'aunin ɗan damfara?

Alhaji Sabo:
Wa alaikumus salam Barista. Ni ra'ayina a tsaurara, a ƙara tsaurarawa. Wata 'yar uwata da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, aka kira ta a waya, murya a natse, aka ce daga bankinta ne za a sabunta mata bayanai. Ta karanto musu lambobin da aka turo mata. Kafin ta ajiye wayar, saƙonnin cire kuɗi sun fara shigowa ɗaya bayan ɗaya tana kallo. Ta kai ƙara, aka rubuta, har yau shiru. Wanda ya yi mata wannan aika-aika yana can yana yawonsa. In maganar tausayi ake, ita za a fara tausaya wa.

Barista Sadiya:
Allah ya mayar mata da alheri, Alhaji. Ai labarin nan naka hujjata ne. Dokar da za ta ɗaure wanda ya cuce ta tana nan a rubuce, da shekarun ɗauri da komai. Ko an ninka shekarun sau goma, in ba a kamo shi ba me ta ƙaru da shi?

Injiniya Bashir:
Bari in ɗan shigo nan, domin wannan ɓangaren shi ne aikina. Mutane na ɗauka ganganci ne kawai ke hana a kamo su. Akwai sakaci kam, amma akwai kuma wahala ta gaske.

A watan Mayun 2000 wata muguwar manhaja da aka fi sani da ILOVEYOU ta bazu ta saƙon imel, ta lalata fayiloli a miliyoyin kwamfutoci a duniya. Aka bi sawu har Manila, aka gano wani ɗalibi, Onel de Guzman. Ba a hukunta shi ba, saboda a lokacin Filifin ba ta da dokar da ta haramta abin da ya yi. Sai a watan Yunin shekarar suka yi dokar, ita kuwa doka ba ta waiwayen baya. Ƙasashen da aka yi wa ɓarna ma ba su da hanyar neman a miƙa musu shi, domin ƙa'idar miƙa wanda ake zargi ita ce abin ya zama laifi a ƙasashen biyu.

Irin wannan giɓi ne aka so a toshe da Yarjejeniyar Budapest, wadda aka buɗe sa hannu a kanta a 2001 ta fara aiki a 2004. Ta ce kowace ƙasa ta haramta laifuka iri ɗaya, ta kuma ajiye ofishin da za a iya tuntuɓa dare da rana, a ce masa "ku riƙe mana bayanan nan kada a goge" kafin takardun kotu su iso. Wannan riƙewar ita ce ran binciken. Kuɗin da aka kwashe daga asusun 'yar uwar Alhaji, cikin mintuna an rarraba shi a asusun mutane biyar ko shida, wasu hayar asusun aka yi, wasu da takardun bogi aka buɗe su, daga nan a mayar da shi kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin. Bayanan da za su nuna wace waya ce ta shiga asusun suna hannun kamfanin sadarwa ko wani kamfani a wata ƙasa, kuma ba har abada suke ajiye su ba. Takardar neman taimakon shari'a tsakanin ƙasa da ƙasa kuwa takan ɗauki watanni. Kafin ta dawo sawu ya bushe.

Sannan Rasha da China ba sa cikin Budapest. Kundin tsarin mulkin Rasha ma ya hana miƙa ɗan ƙasar ga wata ƙasa. A Fabrairun 2024 hukumomin Birtaniya da Amurka da wasu ƙasashe sun ƙwace kwamfutocin gungun LockBit masu kulle bayanan mutane su nemi kuɗin fansa. Bayan wata uku suka bayyana sunan wanda suke zargi shi ne jagora, Dmitry Khoroshev, ɗan Rasha, Amurka ta sa ladan dala miliyan 10 a kansa. An san sunansa, an san fuskarsa, amma hannu bai kai ba.

Alhaji Sabo:
To Injiniya, kenan a naɗe hannu?

Injiniya Bashir:
A'a ranka ya daɗe. Inda aka haɗa kai ana cin nasara. Ramon Abbas, ɗan damfarar intanet ɗan Najeriya wanda aka fi sani da Hushpuppi, a Dubai aka kama shi a Yunin 2020, aka kai shi Amurka, a Nuwamban 2022 kotu a Los Angeles ta ɗaure shi wata 135. A 2021 da aka kulle kwamfutocin kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline, kamfanin ya biya kusan dala miliyan 4.4 da Bitcoin, masu bincike suka bi sawun kuɗin suka ƙwato kusan miliyan 2.3. A 2024 Interpol da Afripol, takwararta ta Afirka, sun yi samamen da suka kira Serengeti a ƙasashen Afirka 19, aka kama mutum 1,006. Duk waɗannan ba tsananin hukunci ne ya kawo su ba. Ƙwararrun masu bincike ne, da bin sawun kuɗi, da ƙasashen da suka yarda su ɗaga wa juna waya.

Nura Ɗalibi:
Salam iyayena da yayyena. Ni ɓangare na biyu na tambayar Anti Barista ya fi shafa ta. Mai bincike a jami'a yana buƙatar maƙaloli da dama kafin ya rubuta babi ɗaya. Ya shiga shafin mujalla, a nuna masa taƙaitaccen bayani, a ce sauran sai ya biya. Wanda ya rubuta maƙalar ba a biya shi ko sisi ba, masanan da suka duba ta kyauta suka yi, sau da yawa ma kuɗin gwamnati ne ya ɗauki nauyin binciken. Kamfanin bugawa ne kaɗai ke karɓa. Shi ya sa Alexandra Elbakyan 'yar Kazakistan ta buɗe Sci-Hub, shafin da ke raba irin waɗannan maƙaloli kyauta, a 2011 tana ɗaliba. A 2017 kotu a New York ta ce a biya kamfanin buga mujallu na Elsevier diyyar dala miliyan 15 saboda maƙalolinsa da aka baza. Don Allah wanda ya sauke maƙala daga can don ya rubuta kundinsa, shi ma ɓarawo ne?

Kuma ku tuna Aaron Swartz, matashin masanin kwamfuta ɗan Amurka. Ya sauke miliyoyin maƙaloli daga rumbun maƙalolin ilimi na JSTOR ta layin jami'ar MIT. JSTOR ta karɓi kayanta ta ce ba ta neman a ci gaba da shari'a, amma masu gabatar da ƙara na gwamnati suka jera masa tuhuma 13, mafi yawansu ƙarƙashin dokar kutse ta 1986. A Janairun 2013 ya kashe kansa yana da shekara 26. Bai ɗauki kuɗin kowa ba.

Maman Ilham:
Nura ƙanina, na ji ka, kuma maganar mujallun ilimi ba ni da ja a kanta. Amma ina roƙonka kada ka rufe kowace satar fasaha da mayafin Aaron Swartz. Ni marubuciya ce. Littafina na ƙarshe, na yi ta rubutu cikin dare bayan yara sun yi barci, na biya mai gyara, na biya mai zanen bango. Bai yi nisa da fitowa ba wata ta turo mini shi a waya tana tambaya wai na karanta wannan kuwa, yana da daɗi. Na buɗe, sai ga littafina, an ɗauki hoton shafi ɗaya bayan ɗaya, har da inuwar yatsan wanda ya riƙe takardar. An cire shafin da ke ɗauke da sunana. A ƙasa an manna lambar da za ka tura kuɗi a saka ka a zauren da ake raba irinsa. Wato wani yana karɓar kuɗi da gumina, ni kuma kwalayen littafin na jibge a ɗaki. Ni ba Elsevier ba ce. Ba ni da lauya a New York. In doka ba ta tsaya mini ba, wa zai tsaya mini?

Nura Ɗalibi:
Wallahi Anti wannan zalunci ne, ban goyi bayansa ba. Wanda ke sayar da aikin wani daban, wanda ke neman ilimi daban.

Maman Ilham:
Haka kowa ke faɗa, ƙanina. Amma mai sayarwar da wa yake ciniki? Da masu saukewa. In ba mai shiga zauren, gobe zai rufe shi.

Malam Habu:
Allah ya yi muku albarka. Bari in sa baki ta fuskar da na fi sani. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, masu su na da ikon sarrafa su, kuma bai halatta a keta su ba. Don haka mai cewa ilimi na Allah ne, ba a mallakarsa, ya sani ilimin ba wanda ya hana shi, amma wahalar da marubuci ya sha wajen tsarawa da bugawa tana da haƙƙi. Maman Ilham na da gaskiya a nan.

Sai dai shari'ar da ta kare haƙƙi ita ce kuma ta ce hukunci ya zo daidai da laifi. Wanda ya mayar da cin haƙƙin mutane sana'a, da wanda larura ta kai shi ya sauke maƙala ɗaya, alƙali mai adalci ba zai zaunar da su a tabarma ɗaya ba. Kuma masu kayan su ma akwai abin da ke wuyansu: in ka kulle ilimin da aka samar da dukiyar jama'a, ka buɗe wa ɓarna ƙofa da hannunka.

Barista Sadiya:
Na gode Malam. Abin sha'awa, ita kanta Yarjejeniyar Budapest ta yi wannan bambancin. Sashe na 10 da ya yi magana a kan haƙƙin mallaka ya ce ƙasashe su mayar da shi laifin hukunci idan an yi shi da gangan kuma a matakin kasuwanci. Wato mai zauren da ke karɓar kuɗi da littafin Maman Ilham shi ake nufi.

An gwada bin masu saukewa ɗaya bayan ɗaya, kuma mun ga yadda ta kaya. Daga 2003 zuwa 2008 ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka ta kai dubban mutane ƙara. Wata mata, Jammie Thomas, a kan waƙoƙi 24 aka yanke mata dala 222,000 a 2007. Da aka sake shari'ar a 2009 masu taya alƙali suka ce dala miliyan 1.92, daga baya aka dawo kan 222,000. Uwa ce mai 'ya'ya, ba ta sayar da komai ba. Jama'a suka juya wa kamfanonin baya, ƙarshe su da kansu suka daina shigar da irin ƙararrakin.

Faransa ta bi wata hanyar a 2009 da dokar Hadopi: gargaɗi na farko, na biyu, a na uku a yanke maka intanet. Majalisar kare tsarin mulkin ƙasar ta ce hukumar da dokar ta kafa ba ta da hurumin yanke wa mutum intanet sai da hukuncin alƙali. A 2013 gwamnati ta soke hukuncin yankewar baki ɗaya, a 2022 aka narkar da hukumar cikin wata sabuwa mai suna Arcom.

Injiniya Bashir:
Su kansu manyan shafukan ba a gama da su cikin sauƙi ba. Pirate Bay, shafin da ake samun fina-finai da waƙoƙin sata ta hanyarsa, a Sweden aka kafa shi a 2003. 'Yan sanda suka kai samame a ƙarshen Mayun 2006 suka kwashe kwamfutoci, bayan kwana uku shafin ya dawo. A 2009 kotu ta yanke wa mutum huɗu ɗaurin shekara ɗaya-ɗaya da diyyar kuɗin Sweden miliyan 30. A wannan shekarar kuma jam'iyyar da ke adawa da dokokin haƙƙin mallaka ta ci kujera a Majalisar Tarayyar Turai daga Sweden. Shafin kuwa har yau yana canza adireshi yana ɓullowa.

Megaupload, shafin ajiya da raba fayiloli, an rufe shi a Janairun 2012, aka kama wanda ya kafa shi, Kim Dotcom, a New Zealand. Amurka ta zarge su da samun sama da dala miliyan 175. Sai a Agustan 2024 ministan shari'ar New Zealand ya sa hannu a takardar miƙa shi, shekara goma sha biyu kenan ana fafatawa a kotuna. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne mutanen da suka ajiye halaliyar fayilolinsu a shafin, hotunan iyali da takardun aiki, su ma suka wayi gari ba su da hanyar kaiwa gare su.

Toshewa kuma na da nata haɗarin. Italiya ta fara wani tsari a 2024 don hana satar kallon ƙwallo kai tsaye: masu haƙƙin wasa su shigar da adireshi, kamfanonin intanet su toshe cikin minti 30. A Oktoban shekarar aka toshe wani adireshin Google Drive bisa kuskure, mutanen da ba ruwansu da ƙwallo suka kasa sauke takardunsu na sa'o'i. Kwamfuta ɗaya takan ɗauki shafuka ɗaruruwa, ka toshe ɗaya ka haɗa da na wasu.

Maman Ilham:
Injiniya, duk abin da aka kawo sai ka ce bai yi aiki ba. To me ya yi aiki?

Injiniya Bashir:
Abu biyu, Hajiya. Na farko bin kuɗin. Shafin satar fasaha ba don Allah yake yi ba, da talla yake ci ko da kuɗin rajista. In kamfanonin talla da na biyan kuɗi suka janye, shafin ya rame. Naki ma ya fi sauƙi, tunda ɓarawon da kansa ya manna lambar da ake tura masa kuɗi, kuma lambar nan da sunan wani aka yi mata rajista.

Na biyu sauƙaƙa halal. Kuɗin shigar masana'antar waƙa ta duniya ya yi ta faɗuwa tun daga kusan 1999, shekarar da manhajar musayar waƙoƙi kyauta ta Napster ta fito, har zuwa 2014. Daga 2015 ya fara tashi, kuma abin da ya tashe shi shi ne manhajojin saurare irin su Spotify, wadda a Sweden ɗin nan ta Pirate Bay aka fara ta a 2008. Da mutane suka sami hanya mai sauƙi, da yawa suka bar wahalar neman na sata. Ban ce mawaƙa na samun abin da ya dace daga manhajojin ba, wannan wata muhawara ce mai zaman kanta.

Zainab 'Yar Jarida:
Na yi shiru ina karantawa, amma har yanzu ba a taɓa ɓangare na uku ba, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙar. Ku duba yadda ake rubuta sassan nan.

Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, sashe na 24 ya haramta tura saƙon da zai jawo wa wani ɓacin rai ko damuwa ko cin fuska. Wane rahoton bincike ne ba ya ɓata wa wanda aka bincika rai? An yi ta kama 'yan jarida da shi. Kotun ECOWAS ta yanke a 2020, ta sake yankewa a 2022, cewa sashen ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki. A Fabrairun 2024 aka yi masa gyara, amma an bar maganar saƙon ƙarya da zai iya kawo karyewar doka da oda, kuma kame bai tsaya ba.

A Nijar dokar 2019 ce. A 2022 aka cire ɗauri a kan ɓata suna da zagi, a Yunin 2024 gwamnatin soja ta dawo da shi. A Tunisiya doka mai lamba 54 ta 2022 ta tanadi ɗaurin shekara biyar kan yaɗa labarin ƙarya, shekara goma in jami'in gwamnati aka taɓa. Ku lura, jami'in gwamnati ya fi talaka daraja ninki biyu a dokar. Pakistan ta ƙara wa dokarta ta 2016 ɗaurin da ya kai shekara uku kan labarin ƙarya a 2025. A Bangladesh marubuci Mushtaq Ahmed ya mutu a gidan yari a Fabrairun 2021, bayan watanni yana tsare ƙarƙashin dokar tsaron intanet ta 2018 ana hana shi beli.

Jami'an da ya kamata su bi sawun kuɗin 'yar uwar Alhaji su ne ake turawa su ɗauko wanda ya yi rubutu a Facebook. Ma'aikatan ba su da yawa, kayan aikin ba su da yawa. Duk ranar da aka ɓata a kan mai suka, daga rabon wanda aka damfara aka ɗebe ta.

Alhaji Sabo:
'Yata Zainab, ban ƙi taki ba, amma kada mu yi kamar ƙazafi ba laifi ba ne. Na ga yarinyar da aka haɗa hotonta da na batsa aka baza, aurenta ya mutu, ta daina fita. Na ga wanda aka yi wa sharrin da ya kusa jawo a far masa. Su waɗannan ba su da haƙƙi? In aka cire sassan nan gaba ɗaya, ina za su kai kuka?

Zainab 'Yar Jarida:
Suna da haƙƙi Baba, kuma ina tare da kai ɗari bisa ɗari a kansu. Baza hoton tsiraici, barazanar kisa, tunzura mutane su far wa wani, a rubuta kowanne da sunansa a doka, a hukunta. Abin da nake ƙi shi ne kalmomi masu faɗi irin "ɓacin rai" da "tada hankalin jama'a", waɗanda mai mulki zai iya shimfiɗa su a kan duk wanda ya ga dama. Ka bincika ka gani, tsakanin yarinyar da ka ambata da babban mutumin da aka soka, ƙarar wa aka fi saurin ɗauka?

Barista Sadiya:
Wannan shi ne. A ilimin shari'a, laifi dole ya zama a fayyace yadda mutum zai san iyakarsa tun kafin ya taka. Ɓata suna kuma akwai hanyar ƙarar neman diyya, wanda aka ɓata ya je kotu da kansa ya kawo hujja. Da zarar an mayar da shi laifin da 'yan sanda ke kamawa, tsarewar kanta ta zama hukunci. A ƙwace wayarka, ka kwana biyu a tsare, a yi ta ɗage shari'a, ko an sallame ka daga baya saƙon ya riga ya isa ga sauran masu rubutu.

Nura Ɗalibi:
Anti Barista, na ji an ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tata yarjejeniyar. Ba za ta magance matsalar da Injiniya ya faɗa ta ƙasashen da ba sa ba da haɗin kai ba?

Barista Sadiya:
An yi, Nura. Rasha ce ta fara kawo shawarar, babban zaure ya amince da ita ranar 24 ga Disamban 2024, aka buɗe sa hannu a Hanoi a Oktoban 2025. Sai ƙasashe 40 sun tabbatar da ita a gida kafin ta fara aiki. Kada mu yi zaton abin zai zo da sauri: Yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka a kan tsaron intanet an amince da ita a 2014, sai a 2023 ta sami ƙasashe 15 da ake buƙata.

Alherin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniyar shi ne ƙasashen da suka ƙi Budapest suna cikin tattaunawar wannan. Abin da ya tayar wa ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam da kamfanonin fasaha hankali kuwa shi ne, musayar shaidun lantarki a cikinta ba ta tsaya kan laifukan kwamfuta ba. Ta haɗa da duk "babban laifi", wanda aka fassara da laifin da hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara huɗu ko fiye. Ka haɗa wannan da misalin Tunisiya da Zainab ta kawo, shekara biyar a kan rubutu.

Injiniya Bashir:
Akwai kuma wani abu da kame barkatai ke rufewa. A Agustan 2023 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 120,000 a Myanmar da kusan 100,000 a Kambodiya ana tilasta musu yin damfara ta intanet. An yaudare su da tallar aiki, aka ƙwace fasfo, aka kulle su a gine-gine masu gadi, wanda bai kawo adadin da aka yanka masa ba a dake shi. Idan aka kai samame aka jera matasa ɗari a gaban kyamara, tambayar da nake yi ita ce ina mai ginin, ina wanda ke karɓar kuɗin, ina wanda ya buɗe musu asusun. Yawan waɗanda aka kama ba ya nuna an taɓa kan gungun.

Alhaji Sabo:
Inna lillahi. Wannan ban san da shi ba. Amma dai wanda ya kira 'yar uwata ba na jin a kulle yake.

Injiniya Bashir:
Mai yiwuwa ba a kulle yake ba, Alhaji, kuma ya cancanci hukunci. In ba ku riga kun yi ba, ta rubuta wa bankin takarda a hukumance ta nemi bayanin asusun da kuɗin ya fara sauka, ta haɗa da lambar da aka kira ta da ita da lokacin kowane saƙo, a kai wa sashen da ke binciken laifukan intanet kai tsaye. Ko kuɗin bai dawo ba, asusun farkon nan yakan haɗa ƙararta da ta wasu da aka yi wa irin haka, kuma ƙarar mutum ashirin a kan asusu ɗaya ta fi motsa masu bincike.

Maman Ilham:
Barista, ni fa? Zauren nan har yanzu yana nan yana sayar da littafina.

Barista Sadiya:
Ki fara da adana shaida kafin su farga: hotunan zauren, saƙon da ke neman kuɗi, lambar asusun, da kwanan wata. Sannan ki aika wa kamfanin manhajar takardar neman a sauke. Tun dokar Amurka ta 1998 da ake kira DMCA, manyan kamfanoni suna da fom na musamman don wannan, domin kariyar da doka ta ba su ta dogara ne a kan su cire abu idan mai haƙƙi ya sanar da su. Ƙasashe da dama sun kwaikwayi tsarin, har da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya da aka sa wa hannu a 2023. Ba sai kin yi wa littafi rajista kafin ki mallaki haƙƙinsa ba, amma ki haɗa da abin da zai nuna ke kika rubuta, kamar kwafin asali mai sunanki da yarjejeniyarki da maɗaba'a.

Zai iya buɗe wani zauren gobe, shi ya sa lambar asusun ta fi zauren muhimmanci. Ki kai ta hukumar kula da haƙƙin mallaka. Kuma ki duba cikin zauren, na tabbata ba littafinki kaɗai ke ciki ba. Ki nemo sauran marubutan ku shigar da ƙorafi ɗaya tare.

Maman Ilham:
Akwai littattafan mutum huɗu da na sani a ciki. Zan tuntuɓe su yau in sha Allah. In mun haɗa takardun zan turo miki ki duba mana kafin mu miƙa.

Barista Sadiya:
Ki turo, Hajiya. Ku tabbatar kowa ya sa hannu a nasa ɓangaren, kuma kada wani ya yi wa mai zauren magana ko barazana kafin a miƙa, don kada ya goge komai ya canza lamba.